Renon yaro mai ciwo mai tsanani: tambayoyi da amsoshi kan zaman gida da tafiya

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin iyayen da ke renon yaro mai sikila, ko kansa (ciwon daji), ko ciwon suga nau'i na 1, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya na haihuwa. An fara da zaman gida, sannan aka shiga maganar tafiya. Duk inda amsa ta saɓa da abin da likitan yaronku ya faɗa, maganarsa za ku bi, domin shi ya duba yaron.

Tun da aka faɗa mana sunan ciwon komai ya tsaya cak a gidan. Haka za mu ci gaba?

A'a. Watannin farko ne suka fi nauyi, saboda kuna koyon aikin da ba ku nema ba: sunayen magunguna, awon zafin jiki, ranakun ganin likita, da gane wane kuka ne na rigima, wane ne na ciwo. Abin da ke fara dawo da gida hayyacinsa ƙananan abubuwa ne, wato lokacin barci, zuwa makaranta duk ranar da jiki ya yarda, da ɗan aikin da yaron ya saba yi.

Kada ku daina yi masa faɗa idan ya yi ba daidai ba. Yaro na karanta fuskar manya fiye da yadda ake zato. Ranar da ya ga ya mari ƙanensa kowa ya kau da kai, a ranar zai gane cewa abin ya kai inda ya kai.

Laifinmu ne?

Wannan tambaya takan zo da dare, kuma uwa ta fi yin ta. A sikila, idan uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 na zuwa da SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki. Ciwon suga nau'i na 1 yana samuwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin. Shan zaƙi ba ya kawo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da kansa duk shekara, kuma mafi yawan irin wannan kansa ba ta da alaƙa da wani abu da iyaye suka yi ko suka bari. Farfaɗiya kuwa matsala ce ta saƙonnin lantarki a ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓa jiki.

Mu gaya wa yaron gaskiya, ko mu ɓoye masa?

Ku gaya masa, daidai da shekarunsa. A 1978 wata masaniyar halayyar al'umma a Amurka, Myra Bluebond-Langner, ta wallafa abin da ta gani a ɗakin jinyar yara masu kansar jini: yaran sun san halin da suke ciki, har waɗanda ba a gaya musu komai ba, sai dai suna yin kamar ba su sani ba don kada hankalin iyayensu ya tashi. Ɓoyewar ba ta kare su daga sani ba, ta dai bar su da sanin su kaɗai.

Ɗan shekara 4 abu uku yake son ji: ba laifinsa ba ne, ga abin da za a yi masa yau, kuma ba za a tafi a bar shi ba. Idan allura za ta yi zafi, ku ce za ta yi zafi kaɗan, domin in kun ce ba zafi ya ji zafi, gobe ba zai yarda da ku ba. Ɗan shekara 12 kuma ya kamata ya san sunan ciwonsa da sunayen magungunansa, a kuma tambaye shi ra'ayinsa. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya tanadi a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi. Wannan sani yana da amfani a hanya ma, kamar yadda za ku gani a amsar da ta shafi takardu.

'Yan'uwansa sun fara rigima da ƙorafi. Kishi ne?

Akwai kishi, akwai tsoro, akwai kuma jin kunyar kishin. Wasu sukan zaci ciwon zai kama su, wasu sukan zaci wata muguwar magana da suka taɓa faɗa wa ɗan'uwan ce ta jawo. Wanda ya fi bukatar a lura da shi shi ne wanda bai taɓa ƙorafi ba, musamman babbar ya ko babban wa da aka ɗora wa reno tun bai isa ba.

Ku yi musu bayani irin wanda kuka yi wa maras lafiyan. Ku ware wa kowanne ɗan lokaci nasa shi kaɗai, ko da minti goma ne, a lokacin kuma ba a maganar asibiti. Idan za a kwana a asibiti, su san tun da wuri wa zai kwana da su, wa zai kai su makaranta.

Ni da maigida mun daina hira sai ta magani. Yaya sauran iyaye ke yi?

Yawanci ɗaya yakan zama masanin ciwon, ɗayan ya zama mai nemo kuɗin jinya, sai kowa ya ga kamar shi kaɗai ke ɗauke da kayan. Maganinsa shi ne duka biyun su iya komai: ba da magani, auna suga, gane alamun gaggawa. A samu mutum na uku ma a koya masa, domin uwar da ba wanda ya iya aikinta ba ta da damar yin rashin lafiya. Idan rashin barci, faɗuwar gaba, ko yawan kuka sun wuce mako biyu ba sassauci, ku gaya wa likita. Wannan ma ciwo ne, kuma yana da magani.

To, ana iya tafiya da irin wannan yaro kuwa?

Mafi yawan lokaci ana iya, idan jikinsa ya daidaita kuma likitansa ya amince. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin masaukinku da asibitin da zai iya karɓarsa: wanda ke aiki dare da rana, yake da iskar oksijin, yake gwajin jini, yake kuma iya ƙarin jini idan yaronku mai bukatar haka ne. Garin da ke da nisan awa shida a jirgi amma yana da irin wannan asibiti kusa da masauki ya fi aminci a kan wurin da ke da nisan awa uku a mota amma ba ko ɗakin gwaji.

Ku ga likita makonni 4 zuwa 6 kafin tafiya, musamman idan za a tsallaka iyaka, domin wasu allurai da takardu suna cin lokaci. Tafiyar farko ta zama gajera, kwana ɗaya ko biyu. A nan za ku ga abin da kuka manta ba tare da mantuwar ta zama bala'i ba.

Yaushe ne ya kamata a fasa?

Idan yaron na da zazzaɓi, ko numfashinsa ya canza, ko an sauya masa magani kwanan nan ba a ga yadda zai karɓe shi ba. Mai shan maganin ciwon daji, fararen ƙwayoyin jininsa sukan yi ƙasa sosai kwana 7 zuwa 14 bayan zagayen magani, kuma a wannan tsakanin ƙaramar cuta kan zama babba. Mai sikila, ƙa'idar da kamfanonin jiragen sama suka saba bi ita ce a jira kamar kwana 10 bayan ciwon ya tashi kafin a hau jirgi. Bayan tiyatar ciki, ƙirji, ido ko kai ma akwai jira, saboda dalilin da aka bayyana a amsar jirgin sama.

Ku sayi tikitin da za a iya ɗagawa, kuma kada ku yi wa yara alkawarin rana. "Za mu je in jikinsa ya yi kyau" ya fi sauƙin cikawa.

Waɗanne takardu za mu riƙe?

Takardar likita mai shafi ɗaya ko biyu, ba tulin fayil ba. Ta ƙunshi sunan ciwon, magunguna da asalin sunansu na kimiyya (sunan kamfani yakan canza daga ƙasa zuwa ƙasa), adadin da ake sha, nauyin yaron na kwanan nan tunda da nauyi ake auna maganin yara, abubuwan da jikinsa ba ya karɓa, rukunin jininsa, da lambar asibitinsa.

Sashen da aka fi mantawa da shi shi ne yadda yaron yake a ranar da yake lafiya lau. Mai sikila na iya yawo da jini gram 7 ko 8 ba abin da ya dame shi, mai wani nau'in ciwon zuciya kuma awon oksijin ɗinsa ba ya kaiwa 90 ko da yana wasa. Likitan da bai taɓa ganinsa ba zai iya firgita ya yi abin da bai kamata ba, ko kuma ya raina abin da ya kamata ya tsorata shi. Ku roƙi likitanku ya rubuta waɗannan alƙaluma, da matakin farko da yake so a ɗauka in an kawo yaron cikin gaggawa. Ku ɗauki hoton takardar a waya, kowane babba ya riƙe kwafi, yaron da ya yi wayo kuma a sa masa ƙaramin kati a aljihu.

Yaya za mu shirya magunguna?

Ku ɗauki abin da zai ishe ku har da rarar mako ɗaya aƙalla, ku raba shi jaka biyu, a cikin kwalinsa na asali mai sunan yaron. A jirgi, magani yana jakar hannu. Akwatin da aka ba ma'aikata na iya ɓacewa, kuma sanyin ma'ajiyar kaya na iya daskarar da insulin, insulin da ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke. Wanda ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8; wanda ake amfani da shi yakan yi kamar kwana 28 a zafin ɗaki in bai wuce digiri 30 ba, gwargwadon nau'insa. In kun sa shi a jakar sanyi, kada ya taɓa ƙanƙara kai tsaye. Dokar ruwa mililita 100 da aka kafa a filayen jirgi tun 2006 ba ta hana maganin ruwa ba, sai dai ku fito da shi ku nuna tare da takardar likita.

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin, kodin da tiramadol, da wasu na farfaɗiya irin su dayazifam, suna ƙarƙashin dokar ƙwayoyi, kuma kowace ƙasa da tata dokar. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Japan, alal misali, suna neman a samu izini kafin a shigo da wasu daga cikinsu. Ku tambayi ofishin jakadancin ƙasar da za ku, har da wadda za ku yada zango a cikinta.

Me jirgin sama ke yi wa jikin yaro?

Cikin jirgi ana daidaita iska ne kamar kana kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Oksijin da ke isa jini yakan ragu, kamar mutum na shaƙar iska mai kashi 15 cikin ɗari maimakon kashi 21 da aka saba. Mai lafiya ba ya ma lura. Mai ciwon huhu, ciwon zuciya, ko ƙarancin jini sosai yana iya jigata. Idan likita na shakka, akwai gwajin da ake sa yaro ya shaƙi irin wannan iska na minti 20 ana kallon awonsa, daga nan a san ko zai bukaci oksijin a sama.

Abu na biyu, duk iskar da ta maƙale a jiki takan kumbura da kusan kashi 30 cikin ɗari, shi ya sa ake jira bayan tiyata ko bayan huhu ya taɓa sacewa. Na uku, iskar jirgi busasshiya ce kuma da sanyi. Ga mai sikila abubuwa uku ne suka haɗu a wuri ɗaya, ƙarancin oksijin, ƙishirwa da sanyi, kuma kowannensu na iya tayar da ciwon. A ba shi ruwa a kai a kai tun kafin ya nema, a sa masa rigar sanyi da safa, ya tashi ya taka duk bayan awa ɗaya, maganin zafinsa kuma yana aljihun kujera.

Yaronmu na amfani da oksijin ko wata na'ura. Za a bar mu mu hau?

Za a bari, amma ba a ranar tafiya ake fara maganar ba. Kamfanoni na da fom da ake kira MEDIF wanda likita ke cikewa, kuma yawanci suna son a sanar da su aƙalla awa 48 kafin tashi. Ku ba su mako biyu. Ba kasafai ake yarda fasinja ya hau da tulun oksijin nasa ba. Ko dai kamfanin ya tanada, ko ku zo da na'urar tace oksijin ta hannu irin wadda suka amince da ita. Dokar Amurka ta ba kamfani damar neman batirin da zai kai kashi 150 cikin ɗari na tsawon tafiyar, wato awa 9 ga tafiyar awa 6, kuma kamfanoni da yawa a wasu ƙasashe haka suke nema. Batiran ajiya suna jakar hannu, ba a sa su a akwati.

Idan agogon can ya bambanta da namu, yaushe za a sha magani?

Idan bambancin awa ɗaya ne ko biyu, ba wani abu. In ya kai awa 4 ko fiye, a zauna da likita a rubuta jadawali. Tafiya gabas tana gajarta yini, tafiya yamma tana tsawaita shi, kuma wannan na taɓa adadin insulin mai dogon aiki. Maganin farfaɗiya tazarar da ke tsakanin sha da sha ce ta fi muhimmanci, don haka ana matsar da lokacin ne kaɗan-kaɗan. Rashin barci shi kansa yana tayar da farfaɗiya, saboda haka tafiyar dare ba ta dace da kowane yaro ba. Ku bar agogo ɗaya a kan lokacin gida har ku sauka.

Doguwar tafiya a mota fa?

Ta fi sauƙi ta wani ɓangaren, tunda kuna iya tsayawa ko juyawa. Ku tsaya duk bayan awa biyu, ku san asibitocin da ke kan hanya tun kafin ku tashi, kuma kada a rage wa yaro ruwa don gudun tsayawa fitsari. Masu sikila dama ƙodarsu ba ta riƙe ruwa sosai. Kada a bar magani, balle yaro, a motar da aka ajiye a rana.

Akwai allurar rigakafin da ba a yi wa yaronmu?

Akwai. Yaron da garkuwar jikinsa ta yi rauni, saboda maganin ciwon daji, dashen wata gaɓa, ko shan sitiroyid mai yawa, ba a yi masa rigakafin da ke ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kamar na ƙyanda, ƙarambau da zazzaɓin shawara. Idan ƙasar da za ku tana neman katin rigakafin zazzaɓin shawara, likita na iya rubuta takardar uzuri. Takardar dai ta jami'an iyaka ce, ba ta hana sauro cizo, don haka ku sake tunani kan zuwa inda cutar ke yawo. Idan ya yi cuɗanya da mai ƙyanda ko ƙarambau, ku kira asibitinsa a ranar, domin akwai kariyar da ake bayarwa cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Mai sikila akasin haka ne: saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, don haka yana bukatar rigakafinsa cikakke, har da na nimoniya da sanƙarau, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro inda ake da shi. Meflokwin, ɗaya daga cikin magungunan kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ba a ba mai farfaɗiya, ku tuna wa duk wanda zai rubuta muku maganin.

Zazzaɓi ya kama shi muna hanya. Mu jira gari ya waye?

Kada ku jira. Ga mai shan maganin ciwon daji, ko mai bututu a babbar jijiya, digiri 38 na nufin asibiti nan take, kuma ana son a fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin awa ɗaya da isarsa. Ga mai sikila wasu asibitoci na sa iyaka a 38, wasu a 38.5, ku riƙe wadda likitanku ya ba ku. A auna zafin kafin a ba da farasitamol, domin yana rufe zazzaɓin ya bar cutar tana aikinta.

Sauran alamun da ba a jira da su: ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, karkacewar baki ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa ɗaya, ɗashewar jiki farat ɗaya tare da kumburin ciki ta hagu, amai ba tsayawa ga mai ciwon suga, da farfaɗiyar da ta wuce minti 5. In ta tashi, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo, kada a sa masa komai a baki. Suga in ya sauka ƙasa da 70 mg/dL kuma yaron na iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi a sake aunawa bayan minti 15. In ya suma ba a ɗura masa komai, sai allurar gulukagon mai ɗaga suga da neman agaji. Da kun isa asibiti ku miƙa takardar da aka yi bayani a sama kafin a fara dogon tambaya.

Inshorar tafiya za ta biya idan ciwon da muka sani ne ya tashi?

Sai idan kun bayyana shi tun farko kuma sun karɓa a rubuce. Inshorar da aka saba sayarwa tana cire ciwon da mutum ya zo da shi. Wanda ya ɓoye don kuɗin ya yi sauƙi, ranar bukata za a nemi fayil ɗin yaron a ƙi biya. Ku duba ko ta haɗa da dawo da maras lafiya gida, da zaman babba ɗaya tare da shi.

Yaya za mu yi da masu kallo, masu tambaya, da masu kawo magani?

Ku tanadi jimla ɗaya gajera, wadda yaron ya yarda da ita, ku tsaya a kanta. Ba kowa ne ya cancanci tarihin jinyarsa ba, kuma yaron na ji lokacin da ake ba da labarinsa a gabansa. Masu kawo magani yawanci ƙauna ce ta sa su, sai a yi godiya, amma ba a ba yaron komai sai likita ya gani, kuma ba a dakatar da nasa don a gwada na wani. Wasu filayen jirgi suna ba da igiyar wuya mai hoton furen rana, wadda aka fara a Gatwick ta Ingila a 2016, don ma'aikata su gane mai lalurar da ido ba ya gani ba tare da an yi ta bayani ba.

Likitoci sun ce ciwon ba zai warke ba. Tafiya na da sauran ma'ana?

Iyalai da yawa a wannan lokacin ne suka fi son tafiya, kuma masu kula da sauƙaƙa wa maras lafiya raɗaɗi sun saba shirya ta. Irin wannan kulawa ba ta kwanakin ƙarshe ba ce kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga yara tana farawa ne tun ranar da aka gano ciwon, tana tafiya tare da sauran magani. Gidan jinyar yara na farko irin wannan, Helen House, an buɗe shi a Oxford a 1982, kuma babban aikinsa tun farko shi ne karɓar yaro na 'yan kwanaki don iyaye su huta.

Ku tambayi yaron inda yake so. Sau da yawa abin da zai ce ya fi wanda manya suka tsara ƙanƙanta: ganin kakarsa, ganin teku, kwana ɗaya da abokinsa. Kada a jira ya ƙara samun ƙarfi idan likita ya ce yanzu ne lokacin. Ku tafi da isasshen maganin zafi da izininsa, kamar yadda aka bayyana a amsar magunguna, da rubutacciyar matsayar da kuka cimma da likitoci kan abin da kuke so a yi da wanda ba ku so idan jikinsa ya rikice a can, da sunan likitan da aka riga aka sanar da zuwanku. A tsara abu ɗaya kawai a yini, sauran lokacin na hutu ne.